Furen kwarashi: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Daga watan Nuwamba, da iskar hunturu ta fara busawa a Damagaram, masu saƙa ba su da hutu. Ana neman hular jarirai, safa, ƴar rigar sanyi da mayafin ranar suna, kuma kusan kowace uwa tana so a ɗora mata fure a kai. Furen nan bai wuce tafin hannun yaro ba, amma shi ke tona asirin mai saƙa. Idan ya ɓaci, mai koyo kan ɗauka hannunta ne bai iya ba. Galibi ƙidaya ce ta ɓace mata, ko kuma zaren da kwarashin ba sa'o'in juna ba ne.

Domin mu fahimci juna: "sarƙa" ita ce jerin da ake fara saƙa da shi. "Gajeren ido" shi ne wanda kike soka kwarashi ba tare da kin naɗa zare ba. "Dogon ido" kuwa sai kin naɗa sau ɗaya kafin ki soka.

Furen da ya ƙi kwanciya

Iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Wanda ya tattaro ya zama kamar ƙoƙo, idanunsa ne suka yi kaɗan, ko an ja zare da ƙarfi. Wanda bakinsa ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen salat, idanu ne suka yi masa yawa. Da'ira tana da lissafinta: da gajeren ido, a fara da 6, zagaye na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24. Da dogon ido, 12, 24, 36. Duk wadda ta kauce wa wannan, guga ba za ta cece ta ba, sai dai ta warware.

Ga fure mai kunne biyar: ki yi sarƙa 4, ki haɗa bakinta ta zama zobe, ki zuba gajeren ido 10 a ciki. A zagaye na biyu, ki sa dogon ido 5 cikin ido ɗaya, ki maƙale zaren a ido na gaba, ki maimaita har sau biyar. Kowane kunne yana cin ido biyu, shi ya sa 10 ɗin ba ta karɓar ragi ko ƙari. Idan kika yi 9 ko 11, kunne na ƙarshe zai matse ko ya bar giɓi, kuma a nan ne idon mai saye ke fara sauka. Mai son kunne shida ta fara da 12. Ki rataya guntun zare mai wani launi a farkon zagaye, don hira daɗi gare ta, tana kuma cinye ƙidaya.

Ramin tsakiya idan ya yi faɗi, sarƙar zoben ce ta yi tsawo. Ko ki rage ta, ko ki naɗa zare sau biyu a yatsa, ki saƙa a kansa, sannan ki ja wutsiyar zaren, ramin ya rufe.

Kwarashi ɗaya ba ya yi wa kowane zare. Siririn zaren kayan jarirai yana son kwarashi mai kaurin milimita 3 zuwa 3.5, matsakaici yana son 4 zuwa 5. Ga fure, ki sauko da rabin milimita daga wanda kika saƙa hular da shi, kunnuwan za su tsaya da kansu. Amma wadda hannunta ke da tsauri ta hau sama, kada ta sauko. Sannan kaushin hunturu yana tsage yatsu, su riƙa kama zare suna tsefe shi. A shafa mai da dare, ba lokacin ɗaukar aiki ba, don maiƙo da ƙura idan suka haɗu a farin zare ba sa fita da sauƙi.

Launi

Nan ne aka fi yin asara, don ana iya ƙirga komai daidai furen ya fito a mace. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa launuka biyu masu nauyi ɗaya: ja wur da kore shar, ko ruwan hoda da shuɗi mai haske. A hannu suna da kyau, amma daga taki biyar sai su narke cikin juna, ba a gane kunne daga tsakiya. Ki jera curin zaren, ki ɗauki hotonsu da salula, ki mayar da shi baƙi da fari. Idan tokarsu ta zo ɗaya, ki canja guda.

Ba sai an je nesa neman malami ba. Ki dubi furen kuɓewa da safe: kunnuwa biyar masu ruwan madara da ya karkata ga rawaya, tsakiya ja mai duhu kamar makuba. Ki dubi tumfafiyar da ake wucewa a bakin hanya ba a kula ta: fari ne, sai bakin kowane kunne ya ɗan tsoma cikin shunayya. Furen itacen ƙarya ruwan hoda ne a baki, yana haske yayin da yake shiga ciki. Dukkansu launi ɗaya ne ke da gida, na biyun baƙo ne da ya zauna a ɗan wuri. Haka ya kamata furen saƙa ya kasance. Launi uku sun isa, har da na hular. Mu a ganinmu, haɗin kuɓewar nan a kan hula mai ruwan toka ya fi duk wani ja da rawaya da ake yayi kyau, kuma ba ya saurin nuna dauɗa.

A rumfar kasuwar Dole ko ƙarƙashin ƙwan lantarki, launi yana yaudara. Ki roƙi mai kanti ki fito da zaren bakin ƙofa ki gan shi a hasken rana. Ki kuma sayi abin da zai ishe ki a lokaci guda, don rini na yau da na wata mai zuwa ba sa zuwa daidai ko da sunan launin ɗaya ne. A takardar curin akwai lambar rini, kusa da kalmar bain ko lot. Su zama lamba ɗaya.

Wurin canja launi, kada ki ƙulla. Ƙulli yana leƙowa ta gaba, yana kuma kwancewa a wanki. Ki shigo da sabon zaren a jawowar ƙarshe ta idon da ya gabata, ki bar wutsiya ta santimita 10 zuwa 15, ki sa ta a allura mai babban hanci, ki bi da ita ta baya: gaba, baya, gaba. Kowace wutsiya ta ɓuya cikin launinta.

Wanki da guga

Da yawa suna kiran kowane zare ulu, alhali mafi yawan na kasuwa na roba ne. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana. Na roba yana narkewa ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske yana warin gashi. Na roba, dutsen guga ya taɓa shi sau ɗaya, ya lanƙwame ke nan har abada, yana ƙyalli. Idan kina so fure ya miƙe, ki jiƙa shi, ki shimfiɗa a kan tawul, ki kafa kowane kunne da fil, ya bushe a inuwa.

Jan zaren auduga da shuɗi mai duhu sukan zuba. Kafin ki haɗa su da fari, ki jiƙa guntu da ruwan ɗumi ki matse cikin farin ƙyalle. Idan ya bar alama, ki wanke zaren shi kaɗai har ruwan ya fito garau. Kada ki dogara da gishiri. A wanke kayan saƙa da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a matse ba tare da murɗawa ba, kuma kada a rataya su a igiya, nauyin ruwa yana ja su. Ranar Afrilu da Mayu kuwa tana cin launi, musamman na auduga.

Wurin ɗora furen, ki ɗinke tsakiyarsa da gindin kowane kunne da zaren da kika saƙa shi, ki bar bakin kunnuwan a sake. A kayan jariri ban da duwatsun ado, ban da maɓalli, ban da gam, don duk abin da ya ciro, baki zai kai. Idan tsakiyar na son ado, ki yi mata ɗan tudu da rawayan zare, ki soke shi ta baya sau uku.