Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa mai tururi

Babban kuskure shi ne gaggawar ado. Mutum ya ɗora bututun hayaƙi, ya shafa fenti, alhali bai taɓa gwada ko ƙafafun suna juyawa ba. Fara da gindin, wato sashen ƙasa da ke ɗauke da ƙafafun. Ka harhaɗa shi, kar ka sa masa injin lantarkin tukuna, ka ɗora kan dogo ka tura da yatsa. In ya cije a wuri ɗaya duk zagaye, da wuya in ba a sandunan da ke haɗa ƙafafun matsalar take ba. A jirgi mai silinda biyu, ƙusar da sandar dama ke kamawa da ta hagu suna da tazarar digiri 90, wato rubu'in zagaye, don kada injin ya maƙale wajen tashi. Ƙafa ɗaya ta kauce ko da kaɗan, sai ka ga jirgin yana ɗingishi. Wasu sai su yi ta faɗaɗa ramukan sandar har ta koma tana kwaramniya. Wannan ɓarna ce kawai. Ciro ƙafar, ka daidaita ta da 'yan'uwanta.

Sai rikita ma'auni. Ma'aunin da ake kira HO kashi 1 ne cikin 87 na girman jirgin gaske, OO na Ingila kuwa 1 cikin 76, amma faɗin dogonsu ɗaya, milimita 16.5, shi ya sa ake sayen ɗan mutum-mutumin direba ko fitilar da ta yi wa jirgin girma. Wanda ke son ƙera irin jiragen da suka riƙa zuwa Kano tun 1911 ya tuna faɗin tsohon dogon Najeriya milimita 1,067 ne. A HO dogo mai milimita 12 zai nema, in kuma mai 16.5 ke hannunsa, ya ƙera a kan 1 cikin 64.

Wajen liƙi da dalma ma ana asara. Sassan da aka zuba da farin ƙarfe mai laushi ba sa jure zafin da tagulla ke jurewa, nan take suke narkewa. Akwai dalmarsu mai narkewa a zafin digiri 70 na Celsius. Gam mai saurin kamawa kuma kar ya kusanci gilashin taga, farin hazo yake bari.

Kafin fenti a wanke jikin da sabulu, a bari ya bushe sarai, a yi shafen farko, sannan a bi da fenti siriri-siriri. Mai kauri yana binne kawunan ƙusoshi.

Ni dai ban ga amfanin baƙi wuluk mai sheƙi ba, jirgin da ke cin kwal ba haka yake ba. Kunkunniya tana kwanciya a saman tukunya, tsatsa da toka a ƙarƙashin murhu, farin tabon ruwa a gefen bawul, maiƙo a jikin sanduna. Ka ajiye hoton jirgin na gaske a gabanka, ka sa dauɗar kaɗan-kaɗan inda hoton ya nuna.