Babi na Takwas: Idan Rautar Gida Ta Daina Aiki

Hajiya Binta tana sayar da atamfa da mayafai daga cikin gida. Hotunan kaya take ɗauka, ta tura wa masu saye ta WhatsApp. Wata Laraba da hantsi ta ɗauki hoton atamfa shida ta tura, amma ko ɗaya bai tafi ba. Ta jira, ta sake turawa, shiru.

Sai ta ƙwala wa ɗanta kira: "Auwalu! Zo ka ɗauki abin nan ka kai wa mai gyara, ya lalace."

Auwalu ya zo ya durƙusa gaban teburin da na'urar take. Ya ce, "Umma, fitilunta suna ci fa. Bari mu duba tukuna, kada mu yi asarar kuɗin mota."

Abin da Hajiya ta kira "abin nan" sunansa rauta. Ƙaramin akwati ne da ke karɓo intanet daga kamfanin waya, ya rarraba wa wayoyin gida ba tare da igiya ba. Wannan rarrabawar ita ake kira waifai. Yawancin rautocin da ke gidajenmu layin waya ake saka musu, irin wanda muke sakawa a wayar hannu.

Waifai daban, intanet daban

Ka ɗauki rauta kamar famfon tsakar gida. Bututu yana nan lafiya, kan famfo yana murɗuwa, amma idan ba a kawo ruwa ba, ko ɗigo ba za ka samu ba. Waifai shi ne bututun, intanet kuma shi ne ruwan. Shi ya sa za ka ga alamar waifai ta cika a saman wayarka, amma saƙo ya ƙi tafiya. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ce rauta ta mutu, alhali ruwa ne kawai bai zo ba.

Fara da wuta

Dubi gaban na'urar. Idan babu fitila ko ɗaya da ke ci, matsalar ta wuta ce. Duba ko an ɗauke wutar unguwa. Duba soket ɗin ta hanyar jona cajar waya a ciki. Taɓa igiyar da ke shiga bayan rauta, domin sau da yawa shara ko wasan yara ke sa ta zame.

Idan duk wannan lafiya ne, zargi ya koma kan cajar rautar. Ita ce ta fi saurin ƙonewa, musamman idan wuta ta dawo da ƙarfi ko janareta yana ta hawa da sauka. A jikin cajar akwai rubutu, yawanci za ka ga 12V. Idan za ka sayi sabuwa, tafi da tsohuwar kasuwa, a ba ka mai lamba iri ɗaya. Don bakin wata caja ya shiga ramin, ba shi ke nufin ta dace ba. Wadda ta fi ƙarfi tana iya ƙona rautar gaba ɗaya.

Masu ƙaramar rauta ta aljihu, mai batir, su riƙa buɗe murfin baya suna dubawa. Batirin da ya kumbura a daina caja shi, a canza shi nan take.

Kashe, ka jira, ka kunna

Idan fitilu suna ci amma babu intanet, zare igiyar wutar. Ƙirga daga ɗaya zuwa talatin a hankali, sannan ka mayar. Ba ta minti biyu ko uku ta gama farkawa kafin ka gwada. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma idan ta yi kwanaki tana aiki babu hutu takan rikice. Wannan ɗan aikin yana warware matsaloli da yawa, kuma ko sisi ba ya ci.

Auwalu ya yi haka, fitilu suka dawo, amma hotuna ba su tafi ba. Ya gwada da tasa wayar, ita ma haka. Wannan gwajin yana da amfani: da wayar Hajiya kaɗai ce ta ƙi, da laifin na wayar ne, sai a kashe waifai ɗinta a sake kunnawa. Tun da duka biyun sun ƙi, sai a koma kan layin.

Layi da data

Auwalu ya kashe rautar, ya ciro layin a hankali, ya saka a wayarsa, ya danna *323#. Tun shekarar 2023 wannan lambar ita ce ta duba ragowar data a duk kamfanonin waya na Najeriya, kamar yadda *312# take ta sayen data, 300 kuma ta kiran ofishin kamfani. Saƙo ya shigo. Data ta ƙare ƙaf.

Hajiya ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ta wata guda fa na saya, yau kwana goma sha biyu!"

"Umma, ta wata guda tana nufin ba za ta wuce wata ba. Amma idan an cinye ta kafin nan, shi ke nan. Su Ummi kullum suna kallon bidiyo, kuma kin ba maƙwabta lambar sirrin waifai ranar suna."

Bidiyo shi ne babban mai cin data. Saƙon rubutu na yini guda bai kai abin da bidiyon 'yan mintuna yake ci ba. Lambar sirri kuwa, idan ka ba mutum ɗaya, ka ɗauka ka ba gidansu duka.

Wani lokaci data tana nan amma an rufe layin. A shekarar 2024 an rufe layuka masu yawa da ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, kuma layin da ke cikin rauta shi aka fi mantawa da shi, tun da ba a kira da shi. Irin wannan sai an je ofishin kamfanin da katin shaida.

Inda ka ajiye ta

Akwai fitilu ko 'yan sanduna da ke nuna ƙarfin sabis. A rautoci da yawa, jar fitila tana nufin babu sabis. Matsar da na'urar kusa da taga, ka ɗora ta a sama. Katanga mai kauri, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi duk suna rage ƙarfinta. Na sha shiga gida na tarar an saka rauta cikin durowa, ko an lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura. Niyyar mai kyau ce, amma zafi yana sa ta riƙa ɗaukewa, balle a watan Afrilu. Bar ta a sarari, ka riƙa goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma.

Ramin da ba a gaggawar taɓawa

A baya ko ƙarƙashin rauta akwai ɗan rami kamar na allura, an rubuta RESET a gefensa. Idan aka zura tsinke aka danne kamar daƙiƙa goma tana kunne, rautar za ta manta duk abin da aka saita mata, ta koma yadda ta fito daga kwali. Sunan waifai da lambar sirrin da kuka canza duk za su tafi, kuma kowace waya a gidan za ta yanke.

Saboda haka wannan shi ne mataki na ƙarshe. Kafin ka danna, juya na'urar ka dubi takardar da ke manne a ƙasanta. A nan aka rubuta sunan asali kusa da SSID, da lambar sirri ta asali kusa da Password ko Key. Da su za ka sake shiga. Idan rubutun ya goge, kada ka danna, nemi wanda ya sani. A kan takardar kuma akwai lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, waɗanda ake rubutawa a waya, a wurin da ake rubuta adireshin shafin intanet, don shiga cikin rautar a canza lambar sirri. Ta nan Auwalu ya canza tasu da yamma, bayan ya sayo data.

Idan ka ji ƙaurin ƙonewa, ko ruwa ya shiga na'urar, zare ta daga wuta ka kai wa mai gyara. Kada ka kwance ta da kanka.

Aikin gida

Juya rautar gidanku, ko ta wani ɗan'uwa da izininsa. Kwafi sunan waifai da lambar da ke jikin caja a littafinka, harafi bayan harafi, ka lura da manyan baƙaƙe da ƙanana. Lambar sirri kuma ka rubuta ta a wata takarda daban ka adana a gida, kada ka zo da ita aji.