Darasi na Shida: Yaron da Ba Ya Son a Sauya Masa Abin da Ya Saba

Iyaye, yaro mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yakan nace sai a kofinsa shuɗi zai sha koko, sai ta lungu ɗaya za a bi da shi zuwa Islamiyya, kuma idan aka gusar da tabarmarsa sai ya fashe da kuka har ya riƙa buga kansa da bango. Kada ku ɗora wannan a kan iskoki ko sangarta. Tun a 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan hali a yara 11 da ya duba. Abin da yaron ya saba shi ne ke kwantar masa da hankali, sauyin ba-zata kuwa tsorata shi yake yi.

Mataki na farko shi ne sanarwa kafin sauyi. Ku durƙusa daidai tsayinsa, ku kira sunansa, ku nuna masa soso da sabulu a hannunku, sannan ku ce: “Gama tuwo, sai wanka.” Kalmomi huɗu sun isa. Daga nan ku yi shiru, ku ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci. Idan bai motsa ba, ku maimaita kalmomin nan huɗu yadda suke, kada ku ƙara, kada ku rage. Wanda ya kasa yau, gobe ma rana ce, sannu ba ta hana zuwa.

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Ana sanarwa tun yaro yana cin tuwon, tun ba a ɗauke kwano ba. Uwar da ta fizge kwanon sannan ta ce “sai wanka” ba ta sanar ba. A nuna soso, a faɗa, a jira. Haba iyaye, sau nawa za a faɗi wannan? Kuna gaggawa, kuna tsawa daga bakin murhu, sannan ku zo aji ku ce darasi bai yi aiki ba. A nuna soso tukuna.

Mataki na biyu, ku sauya abu ɗaya ƙarami a mako, kamar cokali, ku bar masa kofinsa.

Na uku, ku gaya wa kaka da yayyensa su daina ɓoye masa kayansa da sunan wasa.

Idan yana ji wa kansa ciwo, ku kai shi wurin likitan yara.