Zaɓen sarƙa da ɗan kunne na biki a Yamai, daga lefe har daren kai amarya

Kayan adon amarya aiki biyu suke yi. Akwai na ajiya, wanda za ta iya kai wa maƙeri ta karɓi kuɗi ranar da gida ya matse, akwai kuma na kwalliya, wanda aikinsa ya ƙare da zarar mai hoto ya naɗe kayansa. Yawancin asarar da ake tafkawa a lefe daga haɗa biyun nan take fitowa: a zuba kuɗin ajiya a kan kayan kwalliya, ko a sa wa yarinya duk ajiyarta a wuya cikin cunkoson biki. Don haka kafin a taka Babbar Kasuwa, uwar amarya da gwaggonnin ango su raba kuɗin gida biyu tun a zaune.

A fara da zinariya, tunda nan kuɗi suke. Ki juya sarƙar ki duba kusa da maƙulli, ko cikin zobe, za ki ga lamba ƙarama. 750 tana nufin karat 18, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ce, sauran jan ƙarfe ne da azurfa. 875 karat 21 ce, 916 karat 22, 999 kuwa karat 24. Sarƙa mai giram 20 ta karat 18 tana ɗauke da giram 15 na zinariya zalla, irinta ta karat 21 tana da giram 17 da rabi. Wannan bambancin shi maƙeri zai lissafa ranar sayarwa, ba kyan zane ba. Kayan Dubai da na Makka galibi 21 ne ko 22, shi ya sa launinsu ya fi ja, amma sun fi taushi: awarwaro siriri na karat 22 yana lanƙwashewa idan ana daka da shi a hannu. Zoben da za a sa kullum, karat 18 ya fi jurewa.

Lamba kaɗai ba shaida ba ce, don ana buga ta a kan tagulla ma. A sa mai shago ya auna a gabanki, ma'aunin yana kan sifili kafin a ɗora. A goga gefen kayan a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwajin, ki ga zanen ya tsaya bai narke ba. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma ba ya kama tagulla, saboda haka wucewa gwajinsa ba ya wanke kaya. Sai takarda: a rubuta nauyi, karat, farashin giram na ranar, da kuɗin aiki daban. Kuɗin aiki ba ya dawowa. Duwatsun da aka jera ma haka, an auna miki su da farashin zinariya ranar saye, ranar sayarwa kuma za a cire nauyinsu. Kayan ajiya su zama marasa dutse, masu sauƙin zane. A guji mai rami a ciki, wanda yake da girma a ido amma ba nauyi a hannu, domin idan ya loɓa gyaransa wuya.

Wani abu da ake mantawa: zinariyar da aka bayar a matsayin sadaki ta amarya ce ita kaɗai. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan sarƙa tana cikin sadaki a faɗe ta a gaban shaidu da nauyinta, idan kyauta ce a cikin lefe ita ma a bayyana. Ango kuwa ba ya sa zinariya, zoben azurfa ne nasa.

Azurfa a ƙasar nan ba ƙanwar zinariya ba ce. Buzaye sun daɗe suna fifita ta, kuma maƙeransu ne suka fitar da tambarin Agadas, abin wuyan nan na azurfa mai kama da gicciye, da ƴan uwansa, ashirin da ɗaya a jerin da aka saba nunawa, galibinsu da sunan gari ko yanki, Tawa ma da nata. Ana fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a bi da zarto da zanen hannu. A Yamai ana samun masu wannan aiki a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da cikin gidan tarihi na Bubu Hama. Azurfa mai kyau tana ɗauke da lamba 925, kodayake aikin hannu da yawa ba a buga masa lamba, sai a dogara da gwaji da amanar maƙerin. Wanda ya yi arha fiye da kima yakan zama gaurayen nikel, kuma nikel shi ne ke sa kunnen wasu ƙaiƙayi da ruwa. Tambarin Tawa a kan shadda baƙa ko mai ruwan bula, ba tare da wani abu a wuya ba, ya fi sarƙa uku da aka jibga. Wanda zai ba da aiki ya ba maƙeri sati uku aƙalla.

Kayan wasu ƙasashe sun cika kasuwa, kuma ba laifi a ara, sai dai a san abin da aka ara. Amaryar Indiya tana sa abin goshi da ke saukowa daga tsagar gashi. An yi shi ne don kai a buɗe ko mayafi mara nauyi, idan aka cusa shi ƙarƙashin gwaggwaro sai ya karkace, dole a kafe shi da fil biyu a ɗankwalin ciki. Sarƙar nan mai baƙaƙen duwatsu ƙanana da zinariya a tsakiya, mangalsutra, alamar aure ce ta addinin Hindu wadda ango ke ɗaura wa amarya, bai dace a saye ta a matsayin ado kawai ba tare da an sani ba. A kudancin Sin dangi kan sa wa amarya awarwaron zinariya mai zanen dodo da tsuntsu, na karat 24, lokacin da take miƙa musu shayi, kuma can ma ajiya ce kamar tamu. Matan Fulanin Masina a Mali suna da manyan ƴan kunnen zinariya masu murɗi, waɗanda nauyinsu ke sa a riƙe su da zare ta saman kai. Amaren Bini a Najeriya murjani suke sawa tun daga gashi har wuyan hannu. Turawa zobe ne babban abinsu, a Faransa da Ingila a hannun hagu, a Jamus da Rasha a dama. Abin lura shi ne kowannensu an ƙera shi don tufar wurin. Babbar sarƙar Indiya tana son wuyan riga a buɗe, mu kuma wuyan rigarmu yakan cika da surfani.

Saboda haka a karɓo ɗinki daga tela kafin a yanke shawarar sarƙa. Shadda mai aiki a wuya da ƙirji ba ta buƙatar sarƙa ko kaɗan, ƙarfin a mai da shi kunne da hannu. Leshi mai duwatsu ma haka, ga shi kuma sarƙa mai ƙaya tana kama zarensa ta ja. Atamfa mai wuya zagaye tana karɓar sarƙar santimita 40 zuwa 45, wadda ke kwanciya a kan ƙashin wuya. Doguwar riga mara ado tana ɗaukar ta 55 ko 60. Idan zaren surfanin ruwan zinariya ne a bi shi da zinariya, idan fari ne ko toka a bi da azurfa. Mai sa hijabi ko mayafin da ya rufe wuya ta bar sarƙa a akwati, ta sa zobe da awarwaro, su ake gani.

Ranakun biki ma kowace da nata. Ranar lalle hannu da ƙafa suna cikin ƙunshi, a cire zobe da awarwaro tun da safe, ɗan kunne ƙarami ya isa. Ranar ɗaurin aure, amarya tana ɗaki mata na shigowa, nan ne wurin zinariyar gaske don ana zaune kuma an san kowa. Liyafar dare, inda ake rawa da liƙi ana rungume-rungume, wurin kayan ruwan zinariya ne, a hoto ba mai bambancewa. Daren kai amarya a ƙirga kayan ajiya a gaban mutum biyu, a damƙa wa gwaggo ɗaya da aka ambata da suna. Ƙawayen da suka yi anko su daidaita a kan ƙarfe ɗaya da girman ɗan kunne ɗaya, kuma kada wata ta fi amarya nauyin wuya. Idan katin gayyata ya faɗi launi, launin tufa ake nufi, sarƙa ta bi tufar. A bikin coci ko na Turawa baƙuwa ba ta sa fararen kaya ko abin kai mai kama da kambi, na amarya ne.

Sai ƙananan abubuwan da ke ɓata rana. Ɗan kunne mai nauyi a gwada shi awa biyu a gida, idan hudar ta fara ja ƙasa a nemi mai faffaɗan maƙulli a baya ko a canza shi. Zobe a auna shi da yamma, lokacin da zafi ya kumbura yatsa: a naɗa siririyar takarda, a auna tsawonta da milimita, lambar da ta fito, kamar 52 ko 54, ita ce lambar zoben a ma'aunin Faransa. Maƙullin sarƙa shi ke fara mutuwa, a sa maƙeri ya duba shi ya matse zoben da ke riƙe da shi.

Humra da turare a shafa su a bari su bushe kafin a sa kaya, don suna cinye ruwan zinariya, suna dusashe murjani da lu'ulu'u. Kada a turara tufa da sarƙa a jiki. Ruwan jabel yana lalata zinariya, yana baƙanta azurfa nan take. Zinariya ana wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da buroshin haƙori mai laushi. Azurfar da ta yi baƙi a shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a zuba ruwan zafi lita ɗaya da bikarbonat cokali ɗaya babba, a tsoma minti biyu zuwa uku. Amma kada a yi wa aikin Buzaye wannan wanki, domin zai ɗauke baƙin da ke cikin zanen wanda shi ke fito da shi, kuma idan akwai baƙin itace a jiki ruwan zafi zai ɗaga shi. Irin wannan tsumma mai laushi ya ishe shi, sannan a naɗe kowane guda a ƙyallensa daban kafin a mai da shi akwati.