Kurakuran da kwatabak ke tafkawa wajen lallaɓa wasa a Super Bowl

Masu kallon ƙwallon Amurka sun san kwatabak shi ne direban mota, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. To a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon Amurka, in kana gaba da maki, agogo ne abokinka, kuma nan ne da yawa suke kwafsawa.

Na farko, yarda a kayar da kai a baya alhali kun riga kun kai inda za a buga ƙwallo da ƙafa ta shiga tsakanin sanduna a sami maki 3. Wannan ne ya kashe Atlanta a 2017. Suna gaban New England 28 da 3, wasa ya dawo 28 da 20, saura minti 4 da wani abu Julio Jones na Atlanta ya cafe ƙwallo saura yadi 22 a kai layin ci. Wallahi gudu uku kawai ake nema a ci lokaci a buga a huta. Sai kwatabak ɗinsu Matt Ryan ya ja baya zai jefa ya riƙe ƙwallon, Trey Flowers na New England ya kwantar da shi aka yi asarar yadi 12, ga laifin riƙo ya biyo baya, shikenan sun fita daga zangon bugu, aka cinye su 34 da 28 a ƙarin lokaci. Eh, koci ne ya kira tsarin, amma ƙwallon a hannun wa take? In hanya ta toshe ka wurga ta inda doka ta yarda, a rasa ɗaya daga cikin damar huɗu da ake ba ku a tsira da filin.

Sai kuma gaggawar fara wasa. Sakan 40 ake ba ka tsakanin wasa da wasa, in kana gaba kuma agogo na tafiya ka bari ya kusa ƙarewa mana, meye na sauri? Ka tuna jifan da ba a cafe ba tsayar da agogo yake yi, kyauta ce ka ba abokan hamayya.

Akwai kuma son zama gwarzo. Brett Favre na Minnesota a wasan cin kofin NFC na Janairun 2010, wanda mai nasara a ciki ke zuwa Super Bowl, ana 28 da 28 da New Orleans dab da tashi, maimakon ya ruga 'yan yadi ya sauƙaƙa wa mai bugu sai ya jefa ta tsakiya yana gudu gefe, Tracy Porter ya cafke. Minnesota ko Super Bowl ɗin ba su je ba.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne masu raina kwatabak mai taka-tsantsan, wai ba shi ya ci ba. Peyton Manning na Denver a 2016 yadi 141 kacal ya jefa, ya bar masu tsaron Denver su yi aiki, aka doke Carolina 24 da 10. Amma fa sai kana da masu tsaro irin su Von Miller, in bayanka rariya ce lallaɓawa tun daga kwata na uku kashe kai ne, ka ci gaba da neman maki.

Kansas City a 2023 ne suka yi shi yadda ake so. Jerick McKinnon ga layin ci a buɗe ya zube da gangan, kwatabak Mahomes ya durƙusa da ƙwallo sau biyu don cin lokaci, mai bugu Butker ya buga maki 3 aka koma 38 da 35, Philadelphia aka bar musu sakan 8.