Kurakuran Direbobin Doguwar Tafiya Game da Gajiya da Hutu

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin direbobin tirela, tanka da manyan motocin fasinja shi ne ƙirga lokacin aiki daga sa'ar da aka tayar da mota. Direban da ya wuni a tasha yana jiran lodi, sannan ya kama hanyar Legas daga Kano bayan sallar isha'i, ya riga ya gaji tun kafin ya riƙe sitiyari. Daga lokacin farkawa ya kamata a fara lissafi, domin wanda ya shafe awa 17 idonsa biyu, hankalinsa kan dushe kusan daidai da na wanda ya sha giya. Gyaran shi ne a bar wa yaron mota kula da lodi, direba ya samu wuri ya kwanta.

Daga nan sai dogaro da goro, shayi mai kauri ko buɗe gilashi don iska ta bugi fuska. Waɗannan suna jinkirta barci ne na ɗan lokaci kawai, tramadol kuwa tana ƙara wa direba ganganci, ga illa ga lafiya. Abin tsoron shi ne gyangyaɗin da mutum bai san ya yi ba: motar da ke gudun kilomita 100 a awa takan ci fiye da mita 100 cikin daƙiƙa huɗu. Idan hamma ta yawaita, ko direba ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu, to ya faka a wuri mai tsaro ya runtsa ko da na minti 20 ne, musamman tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba, lokacin da barci ya fi rinjayar jiki.

Wasu kuma suna ɗaukar tsayawa shan mai ko canza taya a matsayin hutu, alhali aiki ne. A Tarayyar Turai, doka ta wajabta hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma taƙaita tuƙi zuwa awa 9 a rana, ana duba hakan ta na'urar da ke cikin motar. Wannan ma'auni ne da kowane direba zai iya bi da agogon hannunsa.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne. Mai motar da ke biya gwargwadon yawan sawu, yana kuma bugo waya yana matsa lamba, shi ne ke tura direba tuƙi cikin barci. Tafiyar da ta wuce wuni guda tana buƙatar direbobi biyu, ko a saka kwanan hanya cikin lissafi tun kafin a tashi.