Idan ido ya yi ɗorawa bayan cire matsarmama

Jama'a, in an cire muku matsarmama, sai ido ya koma ruwan ɗorawa ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ku ɓata kuɗi kan jiƙon shawara.

Ku koma wajen likitan da ya yi aikin, da takardar sallama a hannu. Ku je da safe ba ku karya ba, a yi gwajin hanta da hoton ciki rana ɗaya.

Galibi tsakuwa ce ta toshe bututun ɗaci, ko bututun ya ji rauni lokacin tiyata. Shi ya sa fitsari ke komawa kamar shayi, bayan gida ya yi fari.

Hoton ciki kan tsallake ƙaramar tsakuwa, sai an yi MRCP, wato hoton na'urar MRI da ke nuna bututun ɗaci.

In da zazzaɓi da rawar sanyi, kada a jira safiya, a wuce sashen gaggawa nan take.